Yadda Ake Kai Ɗaliban Sakandare Aikin Sa Kai a Ƙasar Waje: Daga Arewa Zuwa Zangon Kumasi

Malamai da masu makarantu sun yi ta turo tambaya iri ɗaya: muna so mu fita da ɗalibanmu ƙasar waje su yi aikin sa kai a lokacin hutu, ta ina za mu fara, kuma nawa zai ci? Ga amsar, mataki bayan mataki. Na ɗauki Ghana a matsayin misali saboda dalilai na zahiri. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, domin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi damar zaman kwana 90. Da Ingilishi ake karatu a makarantunsu. Sannan a zangon Kumasi, da unguwanni irin su Aboabo da Asawase, ko Nima da Sabon Zango a Akra, Hausa ce harshen kasuwa da masallaci, yaronmu ba zai rasa wanda zai tambaya hanya ba.

Idan watan Agusta kuke hari, ku fara tun Oktoba ko Nuwamba na shekarar da ta gabace shi. Kuma ku bi matakan yadda suke a jere. Yawancin tafiye-tafiyen da ke watsewa, karɓar kuɗin iyaye aka yi kafin a san inda za a sauka da abin da za a je yi.

1. Nemo mai masauki

Kada ku zauna a ofishin firinsifal ku yanke cewa za ku je ku shuka itatuwa ko ku raba littattafai, sannan ku shiga neman wanda zai yarda a yi masa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ku nemi makaranta guda, ko kwamitin masallaci, ko ƙungiyar unguwa mai rajista, ku tambaye su: wane aiki ne kuke da shi wanda yara ashirin 'yan shekara 15 zuwa 17 za su iya taimakawa a kai cikin mako guda?

Makaranta ta fi sauƙin sha'ani, domin tana da shugaba, da adireshi, da hukumar da ke sama da ita. A ƙarƙashin hukumar ilimi ta Ghana akwai sashen da ke kula da makarantun Islamiyya masu haɗa boko da addini, kuma da yawa daga makarantun zango a ƙarƙashinsa suke. Hanya mafi kusa ta samun su ita ce mutanen da ke tsakaninmu da su tun zamanin fataucin goro: 'yan kasuwa masu zirga-zirga, malaman zawiyya, iyalan da ke da dangi a can. Wanda ya haɗa ku ba shi ne mai masauki ba, tsani ne kawai. Daga ƙarshe sai kun yi magana da shugaban makarantar da bakinku, ta kiran bidiyo, kun ga fuskarsa kun ga harabar.

Abin da za ku fita da shi daga wannan mataki takarda ce: wasiƙar gayyata mai ɗauke da tambarin makarantar, da sa hannu, da hatimi, da lambar waya, wadda ta faɗi ranakun zuwa, yawan baƙi, inda za su kwana, da aikin da za su yi. In babu ita, kada ku matsa gaba.

Gargaɗi: duk wanda ya ce ku turo kuɗin shiri cikin asusunsa na kansa kafin ya aiko da wasiƙa, ku rabu da shi. Haka wanda ya amsa da "duk abin da kuka kawo muna so". Wannan karamci ne, amma bai faɗi aiki ba. Ku sake tambaya har ya ambaci abu takamaimai.

2. Tantance aikin

A nan ya kamata malami ya faɗa wa kansa gaskiya. Ɗan aji biyar na sakandare ba magini ba ne, ba likita ba ne, ba malami ba ne. Kuɗin jirgin yaro ɗaya zai biya kafinta ɗan Kumasi ya gyara bencina masu yawa, kuma aikinsa ya fi kyau. Saboda haka kada a tallata tafiyar kamar ceto za a je yi. Ɗalibanmu ne za su fi ƙaruwa, kuma abin da ya rage mana shi ne mu tabbatar ba mu zame wa masu masauki nauyi ba, mun kuma bar musu wani abu da suka nema da kansu.

Ayyukan da suka dace: fentin azuzuwa da alluna, jera littattafai da yi musu lamba a ɗakin karatu, share harabar makaranta da filin wasa, zama da ƙananan yara ana bitar karatu da lissafi a ƙarƙashin malaminsu, ko koya wa juna kwamfuta. Kowane aiki a yi shi kafaɗa da kafaɗa da ɗaliban can, kamar gayya. In yaran gari suna tsaye suna kallo baƙi na aiki, an ɓata tsarin tun daga tushe.

Ayyukan da ba a ba su: hawa rufi ko tsani mai tsawo, haƙa rami mai zurfi, ɗaukar buhun siminti, feshin maganin ƙwari, shiga cikin kwata, da duk wani abu da ya shafi ba da magani ko gwajin jini. Dokar yara ta Ghana ta 1998 ta hana wanda bai kai shekara 18 ba yin aiki mai haɗari, kuma ta ambaci ɗaukar kaya masu nauyi a ciki. Sunan sa kai ba ya halatta abin da doka ta hana.

Gidan marayu kuma ku cire shi daga lissafi. Yaran da ke can mutane sun sha shigowa rayuwarsu suna fita. Baƙi su zo su rungume su kwana biyar, a yi hotuna, a tafi, ba taimako ba ne gare su. In kuna son taimaka wa irin wannan gida, ku aika musu da abinci ta hannun masu kula da su.

3. Izini daga sama

Da wasiƙar gayyata a hannu, ku rubuta wa mai makaranta ko hukumar gudanarwa, sannan ma'aikatar ilimi ta jiha. Makarantar gwamnati ba ta da zaɓi a nan. Mai zaman kanta ma kada ta tsallake, domin takardar ma'aikata ce za ta yi muku magana a bakin iyaka. Ku haɗa da jadawalin kwanaki da sunayen malaman da za su raka. Fayil yana daɗewa a ofis, shi ya sa ake kai shi da wuri, a kuma sa mutum ɗaya ya riƙa bin sawu.

4. Lissafin kuɗi

Farashin tikiti da canjin sidi, kuɗin Ghana, ba sa zama wuri ɗaya, don haka tsarin lissafin ne abin riƙewa. Ku buɗe takarda ku raba ta gida-gida: fasfo, rigakafi da katinsa, sufuri daga gida zuwa Legas ko Abuja, sufuri zuwa Akra, mota daga Akra zuwa Kumasi da zirga-zirgar cikin gari, masauki, abinci da ruwan sha, kayan aiki, inshorar tafiya, ladan masu dafa abinci da masu gadi, da kuɗin ziyarar share fage da za mu zo kanta. Kowane gida a samo farashinsa a rubuce daga wanda zai yi aikin, ba ƙiyasi ba.

Kurakurai uku ake yawan yi. Na farko, mantawa da kuɗin malamai. Malamin da ya bar iyalinsa ya kwana da yaran mutane ba zai biya daga aljihunsa ba, sai a raba kuɗinsa a kan ɗalibai, kuma a faɗa wa iyaye hakan ƙarara. Na biyu, ɗora abinci a kan masu masauki. Mutanen zango akwai karamci, za su ciyar da ku ko da bashi ne, ba za su ce uffan ba. Ku biya kuɗin cefane gaba ɗaya tun kafin ku iso. Na uku, rashin ajiye rara. Ni ina ganin a ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na jimlar kuɗin don faɗuwar naira, da jirgin da aka soke, da asibiti. In ba a taɓa shi ba, a mayar wa iyaye.

Kuɗin ya shiga asusun makaranta, ko asusu na musamman mai sa hannun mutum biyu, ɗaya daga cikinsu wakilin ƙungiyar iyaye da malamai. A raba biyan kashi uku, a rubuta tun farko abin da za a mayar wa wanda ya fasa da abin da ba zai dawo ba, kamar kuɗin fasfo da tikitin da aka riga aka yanka.

Wani abu da ba kowa ke son a taɓo ba: in aka bar tafiyar ga masu iya biya kaɗai, ta zama yawon 'ya'yan masu hali. Ku nemi tsofaffin ɗalibai ko attajiran unguwa su ɗauki nauyin kujera uku ko huɗu, kuma kada a bayyana wa sauran yara waɗanda aka biya wa.

5. Zaɓen ɗalibai, malamai, da taron iyaye

Karon farko kada ku wuce ɗalibai 15 zuwa 20. 'Yan aji huɗu da aji biyar sun fi dacewa. 'Yan aji shida suna fama da WAEC da NECO daga Mayu har Yuli, ba za su samu zaman horo ba. Kada maki kaɗai ya zama ma'auni. Yaron da ke share aji ba a sa shi ba, ya fi amfani a wannan tafiya fiye da wanda ke zuwa na ɗaya amma ba ya jin magana. Gwaji mai sauƙi shi ne a sa duk mai son zuwa ya yi Asabar uku ko huɗu yana aikin sa kai a unguwarku. Wanda ya kasa zuwa share makabarta ko asibitin kusa da gidansu, ba aiki ne ke kai shi Kumasi ba.

Malamai kuwa, kowane ɗaya ya riƙe yara shida, in an matsa takwas, kuma kada su gaza uku ko da yaran kaɗan ne. Dalili shi ne in yaro ya kwanta asibiti, malami ɗaya zai tare a wurinsa, sauran biyu su riƙe ayari. In akwai 'yan mata, malamai mata biyu aƙalla, kuma ɗakinsu ya kasance cikin sashen 'yan matan. A cikin ayarin a samu wanda ya iya taimakon gaggawa, in da hali ma'aikaciyar jinyar makaranta.

A kira iyaye taro, ba saƙon WhatsApp ba. A nuna musu wasiƙar gayyata, hoton ɗakin kwana da banɗaki, lissafin kuɗi, da dokokin tafiya. Uba zai tambaya wa zai kwana kusa da 'yarsa, uwa za ta tambaya me za a yi in zazzaɓi ya kama ɗanta cikin dare. Ku zo da amsa a shirye, da sunan asibiti da sunan malamar. Wanda bai gamsu ba kada a matsa masa.

6. Fasfo

Wannan ne matakin da ya fi cin lokaci, a fara shi wata shida kafin tafiya. Tun daga 1 ga Satumba 2025, fasfo mai shafi 32 na shekara biyar naira 100,000 ne a cikin Najeriya, kuma shi ne wanda ɗalibai ke buƙata. A sake duba farashi a shafin hukumar shige da fice ranar da za a biya. A shafin ake cike fom, a biya, a zaɓi ranar zuwa ɗaukar hoto da zanen yatsu.

Ga wanda bai kai 18 ba, a tanadi lambar NIN, takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya ta ƙasa, takardar shaidar ƙaramar hukuma, wasiƙar amincewar iyaye, da shaidar uba ko uwa.

Gargaɗi: kafin kowa ya biya ko sisi, malami ɗaya ya tattara takardun kowane yaro ya jera su a tebur, ya duba suna harafi bayan harafi, da ranar haihuwa. A wurinmu abu ne da aka saba a ga Muhammad a takardar haihuwa, Mohammed a NIN, Muhammadu a rajistar makaranta, ko a ga sunan kaka ya zama sunan mahaifi a wata takardar. Fasfo bayanan NIN yake ɗauka, kuma gyaran NIN yana iya cin makonni. Sunan da ya fito a fasfo shi za a rubuta a tikiti da katin rigakafi da wasiƙar iyaye, ba a canza ko harafi ɗaya.

Akwai kuma takardar tafiya ta ECOWAS da hukumar ke bayarwa, mai aiki shekara biyu, wadda ake shiga ƙasashen yankin da ita. Duk da haka ni fasfo nake ba da shawara, domin yaron zai ci gaba da amfani da shi. Masu tsofaffin fasfo su duba cewa saura aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Malamai ma su duba nasu, su ne suka fi mantawa.

7. Rigakafi da lafiya

Ghana ba ta barin matafiyi ya shiga sai da katin shaidar rigakafin cutar shawara, wanda aka fi sani da yalo kati. Ana biyan kuɗinsa ta intanet, a kai rasit ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa, irin wanda ke filayen jirgin sama, a yi allurar a karɓi katin. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allura, saboda haka ranar tafiya ba ranar nemansa ba ce. A gama da shi wata guda kafin lokaci. Allura ɗaya ta isa har abada, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar tun 2016.

Gargaɗi: akwai masu sayar da kati ba tare da allura ba. Katin yanzu yana da lambar da ake dubawa da na'ura, na jabu yana iya tsayar da ayari gaba ɗaya. Ko da ya wuce, yaron ne aka bari babu kariya.

Kowane uba ya cike takardar lafiya: rukunin jini, sikila, asma, farfaɗiya, abincin da jikin yaro ba ya karɓa, maganin da yake sha. Wasu iyaye suna ɓoyewa don kada a hana ɗansu tafiya, sai a tabbatar musu ba don a cire shi ake tambaya ba, kuma malamai biyu kawai za su gani. Maganin kowane yaro ya zo cikin kwalinsa na asali tare da takardar likita.

Akwatin ayari ya ƙunshi farasitamol, gishiri da sukari na gudawa, bandeji, filasta, auduga, maganin wanke ciwo, ma'aunin zafin jiki, da audugar mata. Kowane yaro da gidan sauronsa. Kudancin Ghana akwai sauro duk shekara. A yanki inshorar tafiya, a karanta a tabbatar ta haɗa da kwanciya asibiti da dawo da mara lafiya gida.

8. Takardun fita da yaran mutane

Jami'in da ya ga manya uku da yara ashirin waɗanda ba 'ya'yansu ba, dole ya tsaya ya bincika, kuma daidai ya yi. Safarar yara matsala ce ta gaske a wannan hanya, dominta aka kafa hukumar NAPTIP a 2003. Aikinku shi ne ku sauƙaƙa masa binciken.

Kowane yaro ya samu fayil: fasfo, yalo kati, kwafin takardar haihuwa, katin makaranta, da wasiƙar amincewa mai sa hannun uba da uwa, wadda ta ambaci sunan malamin da ke jagora, ƙasar da za a je, da ranakun tafiya da dawowa, haɗe da kwafin shaidar iyayen da lambobin wayarsu. A kai wasiƙar kotu a yi rantsuwa a kanta. In maraya ne ko yana hannun mariƙi, a haɗa da takardar da ta nuna haka. Jagora kuma ya riƙe fayil na ayari: wasiƙar gayyata, izinin ma'aikata, jerin sunaye da lambobin fasfo, jadawali, da tikitin dawowa. A yi kwafi uku. Ɗaya a jakar jagora, ɗaya a jakar wani malami, ɗaya a bar wa firinsifal a gida. A kuma rubuta wa ofishin jakadancin Najeriya da ke Akra a sanar da su zuwanku.

Iyaye su bar wayoyinsu a kunne ranar tafiya, domin jami'i yana iya kiran kowanne daga cikinsu.

9. Ta sama ko ta ƙasa

Ta ƙasa ta fi araha, amma a auna ta da kyau. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne. Daga Legas a ƙetare iyaka uku: Seme a shiga Benin, a wuce Kwatano, Hillacondji a shiga Togo, a wuce Lome, sannan Aflao a shiga Ghana. A kowace iyaka sai an duba takardun kowa a ɓangarori biyu, kuma da ayarin yara wannan kaɗai yana cinye yini. Daga Akra zuwa Kumasi akwai sauran kilomita wajen 250. In dole ta ƙasa za a bi, a yi amfani da kamfanin da ya saba bin hanyar, a kwana a Legas, a sake kwana a Akra, a riƙe ɗan kuɗin sefa, kuma ba a tafiyar dare ko kaɗan. In motar makaranta ce, tana buƙatar inshorar ECOWAS ta ƙetare iyaka da cikakkun takardun mota da na direba. Hanyar arewa ta Nijar da Burkina Faso, a halin tsaron da ake ciki, ba hanyar yara ba ce.

Jirgi daga Legas zuwa Akra kamar awa ɗaya ne. Da yara ƙanana a hannu, ni shi nake zaɓa ko da za a rage yawan masu tafiya. A nemi farashin ayari tun da wuri, a bar tazara mai yawa tsakanin jirgin cikin gida da na Akra. Agogon Ghana yana bayan namu da awa ɗaya, a tuna da wannan wajen gaya wa mai tarba lokacin sauka.

Gargaɗi: kada ku yi lodin fenti, burushi da katan-katan na littattafan rubutu daga gida. Kuɗin awo da na kwastam zai fi kuɗin kayan, ga shi kasuwar Kejetia da ke Kumasi babu abin da babu. Sayayya a can ma wani taimako ne ga mutanen gari. Magunguna don rabawa kuwa a bar su gaba ɗaya. Kuma a gargaɗi yara kada su karɓi saƙon kowa, ko na ɗan'uwa ne, sai malami ya buɗe ya gani. Riga ko wando mai zanen kakin soja ma a bar shi a gida, doka ta hana farar hula sawa.

10. Share fage da horo

Wata biyu ko uku kafin tafiya, malami ɗaya ko biyu su je da kansu. Wannan kuɗi ne da ake kwaɗayin tsallakewa, kuma shi ne bai kamata a tsallake ba. Su kwana a ɗakin da yara za su kwana. Su duba makulli, ruwa, banɗaki, tazarar sashen maza da na mata, wurin girki, da asibiti mafi kusa. A Kumasi babban asibitin koyarwa shi ne Komfo Anokye, amma a san ƙaramin asibitin unguwa da wanda zai tuƙa mota cikin dare. Su kai gaisuwa wurin limami da masu unguwa, mai masauki ya yi musu jagora zuwa fadar Sarkin Zango in ya ga ya dace. Baƙon da ya fara da gaisuwa, unguwa ce gaba ɗaya ke sa masa ido a kan yaransa.

A gida kuma a yi zama huɗu ko biyar da ɗalibai. A koya musu riƙe burushi a bangon makarantarku. A koya musu gaisuwa da godiya da harshen Twi, tunda ba kowa ne a Kumasi ke jin Hausa ba. A ja musu kunne kan Hausar zango: ta bambanta da ta Kano, ta ɗauki kalmomi daga maƙwabta, kuma yaronmu yana da saurin dariya ko gyara wa babba magana. Wannan kaɗai yana iya ɓata zaman mako guda.

11. Kwanakin aiki

Kwana takwas zuwa goma sun isa, har da tafiya da dawowa. Agusta ya yi daidai, domin dogon hutu ne a wurinmu, azuzuwan can ma ba kowa, sannan a kudancin Ghana ruwan sama yana ɗan sararawa tsakanin damina babba da ƙarama.

Da an isa, jagora ya karɓi fasfo na kowa ya kulle. Kowane yaro ya rataya kati mai sunan masauki da lambar malami da ta mai masauki. Lambar gaggawa a Ghana 112 ce. Ranar farko ba a aiki, gaisuwa ce da zagaya unguwa da raba yara rukuni-rukuni, kowane rukuni rabi baƙi rabi 'yan gari.

Aiki daga ƙarfe takwas zuwa azahar. Bayan la'asar wasa, ko ziyara. Bayan isha a zauna minti ashirin, kowa ya faɗi abin da ya gani da abin da ya dame shi. A ƙirga yara da suna duk lokacin da za a shiga mota ko a sauka, ba da ido ba. Babu mai fita shi kaɗai, babu hawa acaɓa, babu kwana gidan dangi ko da iyaye sun kira sun roƙa, sai dai dangin su zo masauki su gaisa. Babban mutum, namu ko nasu, ba ya keɓewa da yaro ɗaya a ɗaki.

Abinci ba zai ba su wuya ba: koko da ƙosai da safe, shinkafa da wake, tuwo. Ruwan leda ko na gora kawai za a sha. Waya kuma a ƙayyade mata lokaci, malami ɗaya ya riƙa aika wa iyaye saƙo sau ɗaya a yini, don kada kowane ciwon kai ya zama kira ashirin daga gida.

Gargaɗi kan hoto: ba a ɗaukar yaron mutane ko cikin gidansu sai da izini, kuma ba a sa hoton da ke nuna talaucin wani a Facebook ko TikTok. Ma'aunin da za a ba ɗalibi shi ne, in ƙaninka ne a hoton, za ka yarda baƙo ya watsa shi? Haka kyauta. Ba a raba kuɗi ko alawa a titi, duk abin da aka kawo a miƙa wa shugaban makaranta. Kuma kada wani, malami ko ɗalibi, ya yi alkawarin da ba a tattauna ba, irin su "za mu gina muku rijiya baɗi". Mutane suna riƙe irin wannan magana.

A ware yini ɗaya na buɗe ido, a je gidan tarihi na fadar Manhyia, fadar sarkin Asante da ke Kumasi. In an biya ta bakin teku a Akra, kallo kawai. Igiyar ruwan wurin tana da ƙarfin ja, kuma yawancin yaranmu ba su iya iyo ba. Tafki da rafi ma ba a shiga, saboda tsargiya.

Aikin da aka fara a gama shi. Aji biyu da aka kammala sun fi shida da aka bari rabi fenti rabi siminti. Ranar ƙarshe a wanke kayan aiki a miƙa su a rubuce, a biya duk wanda yake bin ku bashi, a koma a yi sallama da duk wanda aka gaisar ranar farko.

12. Bayan an dawo

Kowane yaro a miƙa shi hannun wanda aka rubuta zai ɗauke shi, tare da fasfonsa, a sa hannu. A gaya wa iyaye duk zazzaɓin da ya taso cikin makonnin farko a kai asibiti a yi gwaji, a kuma faɗa wa likita an yi tafiya.

Cikin mako biyu a fitar da lissafin kuɗi da rasit, a karanta a gaban iyaye, a mayar da rara. A aika wa ma'aikatar ilimi rahoto, a aika wa masu masauki wasiƙar godiya. Bayan wata uku a kira shugaban makarantar can a tambaye shi abu biyu: fentin yana nan ko ya fara ɓarewa, kuma nawa zuwanku ya ci musu wanda ba su faɗa ba a lokacin? In akwai, a biya. Sannan a tambaye shi ko ɗalibansa za su so su zo wurinku baɗi, a kuma fara buɗe musu gida a lissafin kuɗin shekara mai zuwa.